Akwatin Baba da takardun da muka bi bayan rasuwarsa

Baba ya rasu cikin ɗarin watan Janairu, daren Talata wayewar Laraba, a ɗakinsa da ke gidanmu nan Maraɗi. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ya yi yana fama da tari da nauyin ƙirji, ya ƙi yarda a kai shi likita, wai wanda ya kwana cikin sanyin Dirku ba tarin Maraɗi ne zai kayar da shi ba. Da asuba Inna ta kai masa ruwan alwala mai ɗumi kamar yadda ta saba, ta tarar rai ya yi halinsa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Da aka gama rufe kabari mutane suka fara watsewa, sai wasu tsofaffi bakwai da suka yi soja tare da shi suka jeru, ɗaya har da sandar dogarawa, suka ƙame suka sara. Liman ya dube su bai ce uffan ba. Ni kuwa a nan ne kukan da nake ta dannewa tun safe ya ƙwace mini.

Wata 10 muka yi daga ranar nan zuwa ranar da fanshonsa ya koma hannun iyayenmu mata. Tun daga lokacin mutum uku sun zo har gida suna tambayata ta ina ake farawa, shi ya sa na ga gara in rubuta hanyar da na bi daki-daki, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Tuntuɓen farko kunya ce. Baba ya bar mata biyu, Inna da ta haife ni da abokiyar zamanta da muke kira Inna Ƙarama, da 'ya'ya 11, da jikoki 23. Babban wanmu yana kasuwanci a Katsina, ni kuma malamin makaranta ne, mushe kamar yadda ake ce mana a nan, don haka duk abin da ya shafi takarda da Faransanci a kaina yake sauka. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ban motsa ba. Gani nake abin kunya ne a gan ni a meri, wato ofishin magajin gari, ina neman takarda tun ƙasar kabarin ubana ba ta bushe ba, a ce ɗiyan wane sun ƙosa su ci gado. Ranar sadakar arba'in, bayan an shafa fatiha, ɗaya daga cikin tsofaffin nan bakwai, wanda tun muna yara muke kiransa Baba Ajidan, ya yafito ni gefe. Ya ce, "Mushe, kun yi takardar mutuwa?" Na ce, "Baba, ai yau ne arba'in, muna dai jira a huce." Ya girgiza kai ya ce, "Gwamnati ba ta san arba'in ba, ɗana, sittin ta sani. In ka bari ta wuce, sai ka tahi gaban alƙali da shaidu su tabbatar mishi ubanka ya mutu." Gaskiyarsa. Dokar 2019 da ta tsara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Nijar kwana 60 ta bayar a je a sanar, wanda ya wuce nan kuwa sai da hukuncin kotu. Saura kwana 20 gare ni ban sani ba. Kafin ya sake ni ya ƙara tambaya, katin bankin marigayi yana hannun wa. Na ce ƙanena, har ma ya ciro kuɗin wata guda an yi hidimar sadaka da su. Ya ce kada a sake taɓa ko dala, abin da ya shiga bayan mutuwa ba namu ba ne, za a cire shi daga baya. Haka kuwa aka yi.

A daren nan na nemi izinin Inna na buɗe akwatin Baba. Akwatin ƙarfe ne kore, irin na sojoji, an rubuta sunansa da lambarsa ta aiki da farin fenti a jikin murfi. Duk tasowarmu yana ƙarƙashin gadonsa, ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Na zaci kaki zan tarar da lambobin yabo. Akwai hular bere guda da usur, amma sauran duk takardu ne, an ɗaure su ƙulli-ƙulli da robar tsohuwar tayar keke, kowane ƙulli da shekararsa a kan ɗan kwali. Na zauna a tabarma da fitilar waya, ban tashi ba sai da aka kira assalatu.

Baba ba mai ba da labarin soja ba ne. Mu abin da muka sani shi ne mutumin da ke tashe mu da usur ƙarfe biyar, ya duba faratanmu ranar Lahadi, ya sa a sake naɗe tabarma in gefenta bai daidaita ba. Littafinsa na soja ne ya ba ni labarin. An haife shi a wani ƙauye kusa da Tibiri, takarda ta ce "wajajen 1952", domin a lokacin ba mai rubuta ranar haihuwar ɗan talaka. Aka ɗauke shi soja a 1972, lokacin rundunar ƙasar kanta shekararta 11 da kafuwa, ya yi horo a Tondibiya kusa da Yamai. Da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, Baba ƙaramin soja ne marar igiya ko ɗaya, kuma takardar da ta biyo baya ta nuna an tura shi rakiyar motocin hatsin agaji, don a tsakiyar fari ake. Sai na tuna ranar da ya zane ni a kan na zubar da sauran tuwo, ya ce ya ga mata da idonsa suna tankaɗe rairayi a bayan mota suna tsintar dawar da ta zube. Sau ɗaya ya faɗi wannan, bai sake ba. Daga nan Agadas, Dirku, Gigimi, Damagaram. A 1990, zamanin Ali Saibou, yana cikin sojojin da Nijar ta tura Saudiyya lokacin yaƙin Gulf, ga hotonsa nan da harami, siriri, yana murmushin da ban saba gani ba. Tun da ya dawo mutanen unguwa ke ce masa Alhaji, shi kuma kullum yana gyara musu cewa umara ce kawai ya yi. Ya sake komawa arewa lokacin tawaye har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995. Ya ajiye kaki a 1997 yana sarjan-shef, shekara 25 cif. Bayan nan sai gadin wani sito da gonarsa ta gero da wake, sai kuma jikoki, waɗanda suka mai da shi wani mutum dabam. Wanda ba mu isa mu taɓa takalminsa ba, shi ne jikoki ke hawa wuyansa suna ƙwace masa hula, yana kiran matan cikinsu amarensa.

A ƙullin 1979 na ci karo da takardar haihuwar wata yarinya, an haife ta a Agadas, sunan uwa na Inna. Ban san ta ba. Da safe na nuna wa Inna, ta daɗe tana kallon takardar duk da ba ta karatun boko, sannan ta ce, "Yayarka ce. Ƙyanda ta ɗauke ta tana wata takwas." Ta miƙo mini, ta ci gaba da jan carbinta. Shekara 40 da ɗoriya Baba yana ajiye da ita.

Na koma kan takardu. Tun da a gida Baba ya rasu, ba a likita ba, babu takardar da wani ma'aikacin lafiya ya ba mu, don haka na fara da mai unguwa, wanda ya halarci jana'izar, ya rubuta mini shaida. Birnin Maraɗi gunduma uku ne, kowace da merinta, kuma wadda unguwarku take ciki ita za ku nufa. Ni na fara zuwa wadda ba tamu ba, na yi awa biyu a layi kafin a gaya mini. Washegari na je tamu da shaidu biyu, kowa da katinsa na ɗan ƙasa, na riƙe katin Baba da takardar mai unguwa. A ofishin eta sibil, wato na rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ba a karɓi ko dala ba don sanarwar kanta, kuɗin tambur, wato kan sarki, na kofen da na nema ne kawai. Matar da ke rubutawa ta tambaye ni yadda za ta rubuta sunan, na miƙa mata katin ɗan ƙasa ta kwafa. Nan na yi tuntuɓe na biyu. Ba zan faɗi sunan Baba ba, amma ku ɗauka kamar mai suna Mamman ne: a katinsa an rubuta Mamane, a littafin soja da takardar fansho Mahamane, a takardar haihuwar ƙannena biyu kuma Maman. Mu a baki duk mutum ɗaya ne. A ofis mutum uku ne. Da na sani da takardar fansho na je da ita na nuna tun farko. Sai daga baya na nemi wata takardar da ke shaida cewa duk sunayen nan na mutum guda ne, ta ci mini mako guda da shaidu biyu. Takardar mutuwar dai ta fito bayan kwana uku, ranar ta 46 da rasuwa. Na yi fotokopi 10, dala biyar kowane shafi, na kai aka buga musu hatimin tabbatarwa. Na zaci sun yi yawa, biyu suka rage.

Da takardar mutuwa na je banki na sanar, suka rufe asusun har sai mun kawo takardun gado. Ƙanena ya yi fushi da ni kwana biyu.

Mataki na gaba shi ne taron dangi, wanda ba ya zama hujja sai an kai shi gaban kotu an rubuta. Mun fara zama a gida, ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida inda Baba ke shimfiɗa da yamma. Baffa, ƙanen Baba, shi ya jagoranta. Aka lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, aka zaɓe ni wakilin iyali, aka kuma ɗora mini riƙon ƙannena biyu da ba su kai munzalin da doka ke ɗaukarsu manya ba, ɗaya 16 ɗaya 13. Tattara takardun haihuwar mutum 11 ya fi komai cin rai. Ɗaya tana aure a Tasawa, ɗaya yana Agadas, biyu sun ce tasu ta ɓata. Akwatin Baba ne ya cece mu, don ya ajiye ta kowa. Azumi ya kama kafin mu kai kotu. Zuwan farko muka isa ƙarfe bakwai da rabi, ni da Baffa da Kawu da shaidu, muka zauna a benci har sha ɗaya, da aka zo kanmu sai ga katin Baffa ya daina aiki tun shekara biyu. Tsoho da azumi a bakinsa, ya ce shi bai san kati yana mutuwa ba. Muka koma sai bayan kwana 12. A bakin ƙofa wani saurayi mai jakar takardu ya ce in ba shi jika biyar ya shigar mini da dosiye, wato tarin takardunmu, ta ciki ba sai na jira ba. Na ba shi. Har yau ban sake ganinsa ba, kuma ba ma'aikacin wurin ba ne, laifina ne. Ga 'yan'uwa na Najeriya da za su karanta, jika a nan sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5.

Zama na biyu bai wuce minti 20 ba. Alƙali yana tsakiya, dattawa biyu masana al'ada suna gefensa. Ya tambayi mata nawa marigayi ya bari, ko akwai wadda ya saki, ko akwai mai ciki, ko akwai ɗa a wani gari, ko ana binsa bashi. Da yake na haɗa takardar yarinyar Agadas cikin sauran, ya tambaya ina take, Baffa ya ce ta riga uban shekaru da yawa, shi ma ya je gaisuwa a lokacin, aka rubuta haka. Iyayenmu mata ba su zo ba don suna takaba. Malam ya ce musu mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, Inna ta ce ta ji, amma ita ƙafarta ba za ta taka waje ba sai wata huɗu da kwana goma sun cika. Kawunnansu ne suka tsaya musu. Bayan mako biyu na karɓo takardar taron da ta magada.

Sai babbar matsalar. Cikin akwatin nan da ke da rasiɗin kuɗin fitila na 1998, babu takardar auren Inna Ƙarama. Ta Inna tana nan, ta 1976, har ta yi ja don tsufa. Ita kuwa Inna Ƙarama a 1993 aka ɗaura, Baba ya zo hutun 'yan kwanaki daga arewa, aka shafa fatiha a ƙauyensu wajen Madarunfa, ya koma bakin aiki, ba wanda ya je meri. Ya yi wa 'ya'yanta duka takardar haihuwa, auren dai ya manta, ko kuwa kullum yana cewa gobe. Ba tare da wannan takarda ba kuwa ba ta da hanyar fansho. Ranar da na yi mata bayani ta yi shiru, can ta ce, "Shekara talatin ina gidan ga, ashe ga takarda ni ba kowa ba ce." Ban sami abin ce mata ba. Wani daga cikin dangi, ba zan ce wane ba, ya ba ni shawara a ɓoye in kai dosiyen Inna ita kaɗai tunda nata a kammale yake, in ya so waccan ta biyo baya. Na kai wa Inna maganar. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Tare muka yi mishi wanka da ruwan zahi shekara talatin, tare za a kai takardunmu. In ba a kai tata ba kada a kai tawa." Waɗannan mata biyu ba wai ba sa faɗa ba ne, mun tashi muna jin su a kan kwano da tsintsiya. Amma maganar ta mutu a nan.

Auren da ya wuce wa'adin sanarwa sai alƙali ya tabbatar da shi, kuma yana son mutum biyu da suka halarci ɗaurin. Waliyyinta ya rasu, limamin da ya ɗaura ya rasu. Na hau mota zuwa ƙauyen sau biyu kafin in samu kawunta da wani tsoho da ya ce shi ya raba goro ranar. Na ɗauko su, na kwana da su a gida, na kai su kotu. Da alƙali ya tambayi tsohon ko yana tuna sadaki, ya faɗi adadin ba tare da tunani ba, ya ƙara da cewa ango ya zo da takalmin soja ƙarƙashin babbar riga, yara suna ta dariya. Har dattawan gefen alƙali sai da suka murmusa. Takardun haihuwar 'ya'yanta masu ɗauke da sunanta da na Baba su ma sun taimaka. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne hukuncin kotun ba shi ne takardar aure ba, sai an mai da shi meri an shigar da shi cikin rajista sannan a ba ka takardar. Wannan kaɗai, daga neman shaidu zuwa karɓa, ya ci mako bakwai.

Suka fita takaba a ƙarshen watan Mayu. A makon na kai su suka ɗauki hoto, aka sabunta katin Inna, aka yi wa kowace takardar shaidar cewa tana raye, ba ta sake aure ba, kuma ba a sake ta ba kafin rasuwar mijin. Ƙannena biyu kuma takardar shaidar suna raye da ta makaranta. Irin waɗannan takardu wata uku kawai suke aiki. Ni da zumuɗi na yi na yaran tun watan Maris, da lokacin kai dosiye ya zo sun mutu, na sake biyan tambur. Su ake yi a ƙarshe.

Fanshon ma'aikatan gwamnati da na sojoji yana hannun asusun CARENI, wato hukumar fansho ta ƙasa, kuma Baba Ajidan ya ce in ina da hali in kai da hannuna Yamai, don in wani abu ya rage in ji da kunnena. Na shiga motar asuba a watan Yuni, kilomita wajen 660, ta Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, dosiyen yana cikin leda a kan cinyata, ko wurin sallah da shi nake sauka. Hanyar nan ce Baba ya bi a 1972 a bayan babbar mota, lokacin bai taɓa wuce Maraɗi ba. Na sauka gidan ɗan goggonmu. Da safe ma'aikacin da ya karɓe ni ya bi takardun ɗaya-ɗaya da bakin biro, ya tsaya a kan sunan, na zaro takardar shaidar suna, ya gyaɗa kai ya wuce. Ya tambayi takardar fanshon marigayi ta asali, na ba shi daga ƙullin 1997. Ya ce da kowa zai zo da dosiye haka da aikinsu ya yi sauƙi. Na ce ba ni ba ne, mai shi ne ya shirya. Ya bayyana mini cewa rabin abin da Baba ke karɓa shi ne na matan, su raba daidai tsakaninsu, yara ƙanana kuma suna da nasu kason har su girma. Ya ba ni rasiɗi mai lamba, ya ce in riƙe shi da kyau, da lambar ake neman dosiye, ba da suna ba. Na ɗauki hotonsa da waya tun ban fita ba.

Da na dawo sai da na zaunar da wasu 'yan'uwana, domin sun ɗauka kuɗin fansho za a zuba cikin gado a raba, namiji kashi biyu mace ɗaya. Fansho ba gado ba ne, haƙƙin matan ne da marayu ƙanana, mu manya ba mu da ko dala a ciki. Gado shi ne gida da gona da tumaki da abin da ke banki kafin rasuwa, kuma wannan malam ne ya raba mana bayan an biya ɗan bashin da ake binsa wurin mai taki: matan biyu suka haɗu a tumuni, sauran aka raba wa 'ya'ya. Gidan mun yarda ba za a sayar ba muddin iyayenmu mata suna raye. Akwatin ba wanda ya yi musu da aka ce ya zauna wurina.

Jiran ya fi zirga-zirgar wuya, don ba abin da za ka yi. Na buɗe wa kowace asusunta da sunanta. Daga Yuli zuwa Oktoba mu ne muke haɗa kuɗin cefanen gidan, kowa da abin da ya iya, kuma damina ce, hatsi ya yi tsada. Ɗan goggonmu yakan leƙa da lambar rasiɗin ya bugo mini. A farkon Nuwamba saƙo ya shigo wayar Inna Ƙarama, ta aiko autanta da gudu in zo in karanta. Kuɗin duk watannin baya ne suka zo a dunƙule, abin da ake kira rapel, an cire na wata gudan da ƙanena ya ciro. Na Inna ya shigo washegari, daren nan kuwa ban yi barci ba don tsoron kada a ce na ɗaya ya fito na ɗaya ya maƙale.

Na lissafa abin da na kashe a wani littafi, don kuɗin 'yan'uwa ne: tambur, fotokopi, hotuna, kabu-kabu, motar shaidu da abincinsu, zuwa Yamai da dawowa, duka jika 94, har da biyar ɗin saurayin bakin ƙofa. Abin da ya fi cin kuɗi ba ofisoshi ba ne, auren da ba a rubuta ba ne da sunan da ya rabu uku. Dukansu kuwa abubuwa ne da Baba zai iya gyarawa da rana ɗaya yana raye, da bakinsa, ba sai an nemo tsohon da ya raba goro ba. Wanda ubansa ke karɓar fansho ya daure ya zauna da shi tun yanzu su jera takardun a tabarma: sunan iri ɗaya ne a ko'ina, kowace mata tana da takardar aure, kowane ɗa yana da ta haihuwa, katin ɗan ƙasa yana aiki. Na san da nauyi, a al'adarmu kamar kana yi wa tsoho fatan mutuwa ne. In ba za ka iya ba, ka sa abokinsa ya yi masa maganar. In kuma mutuwar ta riga ta zo, a je meri cikin makon farko, a bar katin banki, a duba katunan shaidu kafin a fita gida, kada a ba kowa takarda ta asali sai an ga dole kuma an karɓi rasiɗi, a kuma tuna Juma'a rabin wuni ake aiki. Ni kaina da nake wannan wa'azi, sai a tsakiyar hidimar na tuna aurena na shekara 12 ba shi da takarda. Na kai maganar kotu, abokaina biyu suka yi mini shaida suna ta yi mini tsiya.

Inna ta sa aka sayo goro da dabino daga kuɗin farko, ta ce a kai wa tsofaffin nan bakwai. Ɗaya ya riga ya rasu a cikin damina, aka kai wa iyalinsa. Bayan kwana biyu da la'asar sai ga Baba Ajidan a ƙofar gidana, ya jingine sandarsa, ya zaro wata baƙar leda daga aljihun riga. Ɗana na fari yana tsakar gida da hular kakansa har kan hanci yana busa usur, tsohon ya tsaya ya kalle shi, ya ce ya miƙe kafaɗa. Sannan ya zauna ya miƙo mini ledar ya ce, "Mushe, duba mini nawa, kada in bar ma ɗiyana aiki." Na shimfiɗa su a tabarma. Sunansa iri huɗu ne, kuma matarsa ta uku ba ta da takarda. Muka sa ranar Litinin.